Ƙunar Salansa a Ƙafar Fifame

Akwai wata yarinya Fifame, 'yar shekara sha biyar, a wani gidan marayu da ke Akpakpa a Kwatano. Tana da kyau, tana da ƙoƙari a makaranta, amma bakinta ya fi reza kaifi.

Dokar gidan kowa ya san ta: yarinyar da ta yi ciki, a ranar za ta tattara kayanta, karatu kuma ya ƙare. Mai kula da gidan, Tanti Dosi, maganinta ɗaya ne ga kowane laifi, wato wayar wuta a gadon baya.

To amma akwai wata al'ada mai kyau. Kowace yarinya ana haɗa ta da wata babba da ta tashi a gidan, ta zama Dadarta, wato yayarta. Duk Asabar Dada za ta zo ta yi wa ƙanwarta kitso, kuma abin da aka faɗa a gindin kitso ba ya zuwa kunnen Tanti.

Dadar Fifame ita ce Huwefa, wadda aka kora daga gidan da ciki tana shekarun Fifame. Yanzu tana tallan soyayyar ayaba, tana rainon ɗanta ita kaɗai. Fifame ta raina ta ƙwarai. A ganinta, wadda ta kasa riƙe kanta ba ta da bakin yi wa wani nasiha.

Wata Asabar ana kitso, zanin Fifame ya zame, sai Huwefa ta hango ɗanyar ƙuna a sha-raɓarta. 'Yan gidan da ƙafa suke zuwa makaranta, ina ita ina salansar babur? Huwefa ta ɗage nata zanin, ta nuna mata tsohon tabo a daidai wurin. Ta tambaye ta ko Gbenu ne, ɗan acaɓan nan da ke ɗaukar marayu kyauta, ya kuma saya musu burodi da wake.

"Shi ne uban ɗana," in ji Huwefa. "Yau makaranta yake kai ki. Wata rana zai karya kwana ya nufi kangon bakin ruwa, bayan masu bandar kifi."

Fifame ta miƙe, ta fizge matajin ta kwaɗa mata a fuska har gira ta fashe. Ta ce kishi ne kawai ke cin ta, don an yar da ita an ɗauki wadda ta fi ta.

Ni da ni ce, wallahi da an ji mu a titi. Huwefa kuwa ta goge jinin da haɓar zani, ta ce ta zauna a ƙarasa kitson. Ba ta kai ƙara ba, don ta san wayar Tanti ita ce za ta kora yarinyar kai tsaye hannun Gbenu. Sai ta kwashe kaskonta ta koma suya kusa da kangon, duk da can babu ciniki. Ta kuma faɗa wa matan da ke bandar kifi abin da take gadi.

Ba a jima ba, wata la'asar sai ga babur ɗin Gbenu ɗauke da Fifame ya tsaya a ƙofar kangon. Fifame na ganin wurin ta tuna maganar Huwefa, ta ce a mayar da ita. Gbenu ya tambaye ta ko burodinsa sadaka ne. Ya wanka mata mari, ya damƙi kitsonta yana jan ta a ƙasa, gwiwoyinta na zubar da jini.

Huwefa ta yar da cokalin suya ta afka masa. Ya cire hular kwano ya maka mata a baki, haƙoranta biyu suka zube. Ya ƙara mata a hannu, ƙashin ya karye. Amma ɗaya hannun na riƙe da rawayar rigarsa ta 'yan acaɓa, ta ƙi saki.

"Gudu, Fifame! Kira su!"

Matan suka fito da itacen wuta, suka rufe shi da duka. Da ƙyar ya zare jikinsa daga rigar ya tsere. Ya manta lambarsa ta acaɓa na rubuce a bayan rigar, kuma da ita 'yan sanda suka kamo shi.

Asabar ta zagayo, Huwefa ta zo da hannu a ɗaure. Fifame ta durƙusa tana kuka, kunya ta hana ta ɗago kai.

"Dada, me ya sa ba ki ƙyale ni ba, bayan abin da na yi miki?"

"Ni ranar da aka ja ni cikin kangon nan, babu wanda ke tsaye a ƙofa."

A ranar, Fifame ce ta yi mata kitso, duk ya karkace, Huwefa na dariya da wawulonta. Yanzu Fifame ta gama makaranta, ita ma an ba ta ƙanwa. Kafin ta taɓa kan ƙanwar, ƙafafunta take fara dubawa.

Darasi: Kada ki raina nasihar wadda ta taɓa faɗuwa, ita ta san inda ramin yake. Masu riƙon marayu, duka ba ya sa yarinya ta faɗi sirrinta, kusanci ne ke sa ta faɗa. Ku tura wa 'yan matanmu wannan labari, wataƙila akwai mai ɓoye ƙuna a ƙafarta.