Hawan Sanda

Akwai wani dattijo a kulob ɗinmu na jiragen sama marasa inji da ke bayan garin Nashik a ƙasar Indiya, sunansa Yashwant Ghorpade. Babban dillalin albasa ne, mai kyauta, mai dariya da ƙarfi, amma idan ya faɗi magana to ta zauna ke nan. Kowa a filin Dada yake ce masa, wato babban yaya, har waɗanda suka girme shi.

Shi da ƙanwarsa Nalini suke da wani tsohon jirgi mai kujera ɗaya. Ita malamar kimiyya ce a kwaleji. Asabar tasa, Lahadi tata.

Abu ɗaya ya rage wa Dada a harkar tashi, lambar azurfa da ake ba ƙwararrun matuƙa. Ya cika sauran sharuɗɗa, saura tafiyar kilomita hamsin shi kaɗai, ba inji, sai iska. Kuma lokaci ya ƙure masa. Likita ya riga ya gaya masa idonsa na hagu ba zai sake tsallake gwaji ba, takardar lafiyarsa kuwa za ta ƙare da shigowar damina. Wannan bazarar ce ta ƙarshe a gare shi.

Jirgi mara inji da iska mai zafi yake rayuwa, wadda ke tasowa daga ƙasa idan rana ta gasa ta. Matuƙi ya same ta, ya yi ta kewayawa a cikinta har ya yi sama, sannan ya miƙe ya nemi wata. A gabansa akwai agogon da muke kira bariyo. Idan jirgi yana hawa, sai ya riƙa kuka da siririyar murya kamar ɗan tsako.

Sai dai bariyon Dada ba ya bambance hawan gaske da na ƙarya. Idan ka taho da gudu ka ja sandar tuƙi baya, jirgi zai ɗaga hanci ya ɗan hau, agogo ya fara kuka. Amma ba iska ce ta ɗaga ka ba, gudunka ne ka cinye, kuma yanzun nan za ka dawo ƙasa da inda kake. Wannan muke kira hawan sanda.

Dada kuwa hannunsa nauyi gare shi a kan sanda, don haka agogonsa kullum cikin waƙa yake. Har alfahari yake yi wai shi duk inda ya juya iska sai ta gaishe shi. A saman filinmu ba wanda ya damu, domin in ka rasa iska sai ka sauko ka sha shayi.

Nalini ta san tafiyar nesa ba haka take ba. Sai ta sayo maganin abin: wani siririn bututun ƙarfe da bai wuce kamu ɗaya ba, mai lanƙwasa a baki da 'yan ramuka biyu. Ana soke shi a saman wutsiyar jirgi, a ja robarsa ta cikin jiki har bayan agogo. Aikinsa shi ne ya cire gudu daga lissafi, ya bar agogo da iska zalla.

Wata Lahadi da safe ta ɗaura shi. Ni na riƙe mata kujerar da ta taka. Ta shafa ɗan mai a zoben robar, ta tura bututun har ya zauna daram, ta juya shi ramukan suka kalli baya. Wani ɗan kulob ya kai baki zai hura don ya gwada, ta make masa hannu, ta ce hurawa ɗaya ta isa ta fasa agogon. Da sirinji ta gwada, a hankali, har ta tabbatar ba inda iska ke yoyo.

Dada yana zaune a inuwar fiffike da kofin shayinsa, yana kallo.

"Nalu, wannan tsinken sakacen ne zai koya mini tashi?"

"Ba kai zai koya wa ba, Dada. Agogo zai koya wa ya daina yi maka ƙarya."

Aka kwashe da dariya. Gaskiya ta faɗa, amma a gaban mutane ta faɗe ta. Duk da haka shi ya tashi ya fasa kwakwa a gaban jirgin, yadda ake yi wa kowane sabon abu.

Asabar ta zo, ya tashi gwaji. Ba a jima ba sai ga shi ya sauko, fuska a murtuke. Ya ce ƙanwarsa ta mayar masa da agogo bebe. Ya ja, shiru. Ya juya, shiru. Nalini ta ce shirun ma magana ce, yana nufin babu komai a wurin, ya ci gaba har inda zai yi kuka da gaske. Ta roƙe shi ya ƙara tashi ko sau kaɗan ne kunnensa ya saba.

Ya ce, "Ina tashi tun kina zubar da majina a aji ɗaya."

Ta ce, "To, Dada."

Ranar tafiyar ta zo a cikin watan Mayu, rana kamar ta narka mutum, gajimare farare sun jeru a sama yadda matuƙi ke so. Da sassafe, kafin Nalini ta iso, Dada ya kwance allon agoguna, ya zare sabuwar robar, ya mayar da agogon yadda yake a da. Bututun kuwa ya bar shi a wutsiya don ido ya gani. Wannan ne ya fi ba ni haushi a cikin labarin nan. Ya san abin da ya yi ba na nunawa ba ne.

Aka ja shi da igiya, ya yi sama, ya nufi gabas. Abin da ya faru a can shi da bakinsa ya ba mu labari daga baya.

Rabin farko lafiya lau. Iska tana ko'ina, har wanda bai iya ba zai hau. Da ya tsallake kogi sai gajimare suka ƙare. Can gaba yana hango dogon bututun hayaƙin kamfanin sukari, kuma filin da zai sauka yana gefensa. Sai ya ce bari ya ƙara ɗan tsayi don hankalinsa ya kwanta.

Yana cikin gudu ya ja sanda, agogo ya ɗauki waƙa, ya juya. Kafin ya gama kewaye ɗaya waƙar ta mutu. Ya ce a ransa tsakiyar iskar ce ya kuskure. Ya dangwarar da hanci, ya sake ja, agogo ya sake waƙa, ya sake juyawa. Can hagu ya ga tarin shirwa suna kewayawa suna yin sama ba tare da kaɗa fiffike ba. Ya gan su sarai, amma ya ce me zai kai shi can alhali nan ma ana kuka. Agogon tsayi yana ta ja baya, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa ya ce maƙalewa ya yi.

Lokacin da ya yarda ƙasa yake yi, itatuwa sun riga sun girma a ƙarƙashinsa. Ya sauka a wata gonar dawa da aka girbe, lafiya ƙalau, ko ƙwarzane babu. Mutanen gonar suka kawo masa ruwa da gurasar dawa da ɗanyar albasa.

Da la'asar ni da Nalini muka iso da tirela. Yana zaune a ƙasa, jingine da jikin jirgin. Daga inda yake ana ganin bututun kamfanin sukarin fes.

Tun ba ta tambaya ba ya ce, "Na zare robar, Nalu."

"Na sani. Na ji agogon yana waƙa a bayan muryarka a rediyo. Na yi ta kiranka."

"Na rage muryar."

Ba ta yi faɗa ba. Ta tambaye shi tsayin da yake da shi lokacin da ya fara juyawa bayan kogi, ya faɗa mata. Ta ɗaga kai ta kalli bututun kamfanin, ta fara kwance fiffike.

"Faɗi mana," in ji shi.

"Da ba ka juya ba ko sau ɗaya, Dada, da ka miƙe kawai, da ka isa har da saura."

Ya tashi ya kama bakin fiffiken muka ɗauka tare. Duk haushin da nake ji sai ya koma tausayi. Mutum ne da ya yi shekara da shekaru yana jiran yini ɗaya, yinin ya zo, shi da kansa ya ɓata shi.

A hanya ya ce mata ta gyara robar, zai sake gwadawa Asabar. Ta gyara. Amma tsakiyar makon iska ta juya daga yamma, damina ta shigo da wuri, filinmu ya zama taɓo. Kafin ƙasa ta bushe takardarsa ta ƙare, likita kuma bai sa hannu ba.

Har yanzu yana zuwa kulob. Shi ke riƙe wa Nalini fiffike idan za ta tashi, ya bi jirgin da gudu kaɗan, ya saki. Bai sake tashi shi kaɗai ba.

Darasi: Ba duk mai yabonka ne yake ɗaga ka ba. Wani muryarka kawai yake mayar maka, kai kana jin daɗi alhali ƙasa kake yi. Wanda ya yi shiru inda babu abin yabo, ya gaya maka gaskiya ko da ƙaninka ne, riƙe shi da kyau, domin akwai damar da ba ta zuwa sau biyu. Tura wa wanda kake ƙauna, musamman wanda ya fara rage muryar masu gaya masa gaskiya.