Hancin Jatau da Buhun Barkono

Dalilin da ya sa wasunku ba sa iya zama kusa da kyanwa sai hanci ya hau zuba, ido ya kaɗa ya yi ja, atishawa ta riƙa fita ba sallama, wani mutum ne ya jawo muku, ana ce masa Jatau. Ku bar murza ido ku saurara.

A can da, kyanwa tana magana kamar kowa, kuma gashinta bai taɓa damun ɗan Adam ba. Aikinta korar ɓera, ladanta kan kifi. Ba a taɓa kama ta da ƙarya ba, duk abin da ta ce ta gani, to an gama shari'a. Sai dai garin su Jatau garin masunta ne a bakin kogi, kuma suna da doka mai tsanani: kyanwar da ta taɓa bandar da aka ajiye, a buhu ake ɗaure ta a jefa ruwa.

Jatau mutum ne mai kaurin murya. In ana zancen riƙon amana a dandali, shi ne ke buga ƙirji. Maƙogwaronsa ne kawai ba ya zuwa dandalin, don haka bai san abin da ake faɗa ba.

Matarsa Tasalla tana da ƙanwa, sai ƙanwar ta haihu a ƙetaren gari. Al'adarsu, yaya ce ke kai yajin jego da babbar banda ranar suna, in kuwa ta je ba kifi, dangin miji za su yi ta zancen har jaririn ya yi gemu. Ana gobe suna, Tasalla ta daka yajinta, ta saka bandar giwan ruwa a kwando ta rataye, ta tafi taya aiki gidan mai jego. Ta ce za ta dawo da la'asar.

Jatau ya sauke kwandon don ya sansana kawai. Ya ga wutsiyar ta ɗan ƙone, ya ce abin kunya ne a kai wa surukai haka, ya cire ta. Sai ya ga gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ya daidaita. Yana cikin daidaitawa ya farga babu komai a gabansa sai kai da ƙaya. Ya ɗaga ido, ga kyanwar gidan a bakin ƙofa, ta naɗe wutsiya tana kallonsa.

Ya san Tasalla na shigowa, kyanwa ce farkon wadda za ta tambaya, kafin magariba kuma duk garin ya ji. Sai ya yi murmushi ya miƙa mata kan kifin, ya ce ai haƙƙinta ne. Ta cinye, bakinta ya ɗauki ƙarni, ta miƙe a rana barci ya kwashe ta. Jatau ya lallaɓa ya jawo buhun da ya fi kusa, ya tura ta ciki ya ɗaure. Cikin gaggawa bai lura ba, buhun da aka kawo barkonon yaji ne, ko kakkaɓe shi ba a yi ba.

Tasalla ta dawo ta tarar da tsakar gida cike da maƙwabta, mijinta yana nuna musu kwando yana rantsuwa cewa da hannunsa ya kama ɓarauniya. Ta dubi kwandon, ta dubi buhun da ke ta mutsu-mutsu.

“Maigida, kwance ta in tambaye ta.”

Ya ce doka doka ce, ɓarawo ba a ba shi bakin magana. Daga cikin buhun babu abin da ke fita sai tari, barkono ya shaƙe kyanwa. Jatau ya saɓa buhu ya nufi kogi da sauri. Da ya waiga, ya hango Tasalla tana biye da shi daga nesa, ba ta gudu, ba ta kuma tsayawa.

A bakin ruwa masunta na zaune suna ɗinkin taru. Jatau ya ɗaga buhu zai wurga ke nan, sai muryar kyanwa ta fito, a dishe amma sarai. Ta ce tarin ya sake ta, kuma kafin buhun ya taɓa ruwa za ta kira sunansa da na kifin, yadda har na tsallake sai sun ji. Hannunsa ya tsaya a sama. Ya duba hanya, Tasalla ta kusa isowa.

Ya durƙusa yana raɗa wa buhu, babban mutum da shi. Ya ce zai sake ta, amma sai ta yi alkawari ba za ta ƙara magana da ɗan Adam ba, ita da 'ya'yanta da jikokinta.

“Na yarda, Maigida,” in ji ta. “Ni na rufe bakina. Amma ban ɗaukar wa hancinka alkawari ba.”

Bai tsaya tunani ba, ya kwance igiya. Ta fito jajir da garin barkono, ta girgiza jiki a fuskarsa. Atishawarsa ta farko sai da ta tayar da tsuntsayen bakin kogi. Idanunsa suka kumbura, ƙirjinsa ya riƙe, numfashi ya koma fito kamar na tsohon zugazugi. Tasalla ta iso ta tarar da shi dafe da ƙasa. Ta tambayi kyanwa abin da ya faru, kyanwa ta buɗe baki ta ce miyau, ta juya tana lasar jikinta.

Aka kai shi gida a rirriƙe. Tasalla ta wanke masa fuska da hannu, ta zaunar da shi inda iska ke kaɗawa, ta fitar da kyanwa daga ɗaki, ta share, ta shanya tabarmi. Sannu a hankali ƙirjin ya sake shi. Har ya fara ba maƙwabta labarin yadda tausayi ya hana shi jefa baiwar Allah a ruwa, sai ga kyanwa ta ratsa mutane ɗaya bayan ɗaya, ta zo ta kwanta a kan ƙafarsa. Atishawa ta dawo sabuwa. Duk tsakar gidan ba wanda ko hancinsa ya motsa sai shi.

Tasalla ta daɗe tana kallonsu su biyu. Sannan ta miƙa masa ruwa, ta tambaya cikin taushin murya, kamar zancen ba komai ba.

“Sannu, Maigida. Ni kam gishirin kifin nan bai yi yawa ba?”

“Ya ɗan yi, ta wajen wutsiya,” in ji Jatau tsakanin atishawa da atishawa.

Washegari shi ya ɗauki kwandon da ba komai a ka, ya ratsa gari har gidan suna, ya yi wa surukai bayani da bakinsa, ido jajir, hanci na zuba.

Shi ya sa har yau kyanwa ba ta ce da ku komai, sai lasar jiki, barkonon nan take ta fama ta cire bai fita ba. Kuma in ta shigo taro, sai ta wuce duk masu kiranta ta tafi wurin wanda ke guje mata, jinin Jatau ta gane. In kai ne, kada ka kore ta daga gida, ba ita ta fara ba. Hana ta ɗakin kwananka, wanke hannu in ka taɓa ta, in ƙirji ya riƙe ka gaya wa manya a kai ka asibiti. In kuma an ajiye kifi a gidan, ka roƙa kada a bar ka kai kaɗai da shi.