Zabuwa da Mai Duba Ƙwai

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, ta wuce mu ba ta hanya.

An yi wata Zabuwa da ƙawarta Kaza, kullum cikin musu.

Zabuwa ta ce, "Ni kike ce wa wawiya, Yaya?"

"Ban ce wawiya ba. Na ce ba ki san duniya ba. Duk wanda ya washe miki haƙora, ɗan'uwanki ne."

"To, maƙiyi ne zai washe mini?"

Abin da ya jawo musun shi ne ƙwai. Damina ta sauka, Zabuwa ta yi gurbi a gindin sabara, ta zuba ƙwai goma, ta shiga kwanci. Sai ga Tunku, hannaye a baya, yana magana ta hanci a sanyaye kamar mai ta'aziyya. Ya ce shi mai duba ƙwai ne, sana'ar gado, kuma ba ya karɓar ko ƙwayar gero.

Ya ɗauki ƙwai, ya dunƙule hannu, ya ɗaga shi ga rana, ya rufe ido ɗaya kamar yadda ake yi a kasuwa. Ya girgiza kai.

"Ayya, ƙanwata. Baragurbi."

Ya ɗaga na biyu, baragurbi. Na uku, baragurbi. Ya ce in an bar su za su ɓata sauran, bari ya kai mata su nesa. Zabuwa ta yi ta godiya har da ƙwalla.

Akwai ƙwai guda da ya lalace da gaske, in an girgiza shi har ƙara yake yi. Shi Tunku ya sunsuna, ya yamutse fuska, ya mayar da sauri.

"Wannan kam lafiyayye ne. Sarkin zabi ne a ciki. Kada ki rabu da shi."

Kashegari ya dawo, ya ɗaga ga rana, ayya ƙanwata, ya tafi da uku. Kaza ta ce mata ta dubi tumbin mai duban nan, kullum ƙara sheƙi yake. Zabuwa ta ce ai hasken gaskiya ne, haka masu aikin lada suke.

Saura ƙwai huɗu, uku masu rai da sarkin zabi. Tunanin Tunku ya hana Zabuwa sakat. Bawan Allah yana ta ɗaukar mata ruɓaɓɓu, ko ruwa ba ta taɓa ba shi ba. Wane irin butulci ne wannan? Ta aika aka kira Kaza da Agwagwa da Talotalo su zama shaida.

Rana ta uku Tunku ya iso yana lashe baki, ya tarar da taro. Zabuwa ta gangaro masa da ƙwan nan guda, ta ce ba ta da abin da ya fi shi, tukuicinsa ke nan.

Tunku ya ce a'a, don Allah yake yi. Ta ce shi ya sa. Ya ce yana azumi. Agwagwa ta ce ai ga gwaiduwa a gashin bakinsa. Ya ce to zai kai wa iyali.

Kaza ta karkata kai, ta dube shi da ido ɗaya, irin dubansa.

"Malam, a garinmu gaban mai kyauta ake shan tukuici. Ko ƙwan yana da wani aibi ne da ba ka faɗa ba?"

Talotalo ya buɗe fukafukai, ya tare hanya. Tunku ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya rufe ido, ya kafa haƙori.

Tus!

Wari ya tashi har ganyen sabara ya yi yaushi. Tunku ya zuba da gudu, ya yi wanka a rafi bakwai, warin bai fita ba. Shi ya sa har yau hancinka ke ganin Tunku kafin idonka. Ƙwai ukun nan kuwa suka ƙyanƙyashe lafiya.

Ku ji, yara: farar zuciya ado ce, amma a haɗa mata da ido. Macuci kuma, abin da ya yaba da ƙarya shi zai sha.

Da warin ya lafa, Kaza ta ce, "To, yanzu kin gane?"

"Na gane, Yaya. Ashe bakinsa ne ba lafiya. Gobe in ya zo duba, sai na sa ya fara yin asuwaki."

Ƙurunƙus, kan ɗan Tunku, wanda ya iya warin ya ɗauka.