Kafinta da Gurbi Mai Lamba Biyar

Akwai wani mutum, kafinta ne, mai yin ƙofofi da tagogi. Mutum ne mai taka-tsantsan ƙwarai, sai ya auna katako sau uku kafin ya ɗora zarto. Yana da ƙane guda ɗaya, sunansa Kefas, ɗan acaɓa. Wata rana mota ta buge Kefas, ƙafarsa ta karye wuri biyu, aka kwantar da shi a ɗakin mahaifiyarsu.

Kwanciya ta yi tsawo. Kefas, wanda a dā ba ya iya zama wuri ɗaya, ya koma kallon rufin ɗaki, magana ma da ƙyar. Kafintan ya ji tausayinsa, ya tuna yadda yake son wasan ƙwallo na kwamfuta, sai ya ce, "Kefas, kada ka damu. Zan haɗa maka kwamfuta a nan gefen gadonka, mu riƙa bugawa tare."

A ranar ne Kefas ya yi murmushi karo na farko. Ya ce, "Yaya, zan lallasa ka fa."

'Yan'uwa a ikilisiya suka taimaka. Wani ya ba da akwatin kwamfuta, wani ya ba da allon kallo, wani kuma ya kawo katin hoto, wato abin da yake zana wasan a kan allo. Katin ba sabo ba ne, amma lafiyarsa lau. Abu ɗaya ya rage, babban faifan da ake kira madabod, wanda kowane abu yake zama a kansa. A jikinsa akwai dogon gurbi inda ake soka katin hoto.

Kafintan ya tafi kasuwa. Mai shago na farko ya ce, "Ɗauki mai gurbi lamba huɗu, ya ishe ka." Har ya miƙa hannu, sai mai shagon kusa ya yi dariya ya ce, "Huɗu? A wannan zamani? Ai lamba biyar ta ninka ta sauri." Wani mai wucewa kuma, wanda ba a tambaye shi ba, ya ce, "Da ni ne kai, da na jira lamba shida."

Kai! Kan kafinta ya ɗaure tamau. Ya koma gida hannu wofi. Ya buɗe waya domin ya nemi haske, nan ma aka ƙara dulmuyar da shi. Wannan ya ce ba bambanci, wancan ya ce bambancin kamar sama da ƙasa, kowa da zanensa da lambobinsa. Idan ya tashi da safe yana kan huɗu, kafin azahar ya koma biyar, da yamma kuma ya rasa ma abin da lambar take aunawa. Sauri ne? Faɗi ne? Ƙarko ne? Oho!

Abin da ya fi muni, kunya ta hana shi zuwa gidan mahaifiyarsu. Ya ce a ransa, "Da wane ido zan dubi Kefas ba kwamfuta? Bari in gama tukuna." Idan mahaifiyar ta kira shi ta ce, "Ƙanenka yana cigiyarka," sai ya ce, "Mama, ina kan hidimarsa ne." Haka mako ya zama biyu, biyu suka zama bakwai. Mutumin da yake haɗa ƙofa cikin wuni ɗaya, ga shi ya kasa zaɓen faifai guda.

Wata rana ya gaji liƙis, ya zauna a bencin wata mai gyaran kwamfuta, ana kiranta Madam Liyatu. Ya zazzage mata damuwarsa kaf. Ta bar shi ya gama, sa'an nan ta ce, "Malam, wane kati ne a hannunka?"

Duk yawon nan ba wanda ya yi masa wannan tambaya, shi ma bai yi wa kansa ba. Ya ciro katin daga jaka. Ta soka shi a faifai mai lamba huɗu, ta kunna wasa. Ta zare, ta soka a mai lamba biyar, ta sāke kunnawa. Ta ce, "Wanne ya fi?"

Ya ƙura ido, ya matso, ya ja da baya. Ya ce, "Ni dai ban ga komai ba. Ko idona ne?"

Ta ce, "Idonka lafiya lau. Akwai masu manyan kaya da sabon gurbi zai yi wa amfani, amma katinka ko lamba huɗun bai cika ba. Kai da kake kafinta, in mutum yana da akuya ɗaya, ƙofar garejin tirela kake yi masa?"

Kunya ta kama shi. Ya karɓi mai lamba huɗu, ta haɗa masa komai kafin la'asar. Ya ɗauka da murna, ya nufi gidan mahaifiyarsu yana sauri.

Ya tarar da Kefas ya juya fuska ga bango. Ya ce, "Kefas, tashi ka gani! Ga alkawari na cika."

Kefas ya juyo a hankali. Bai ko kalli kwamfutar ba. Ya ce, "Yaya, ran Talatar da ta wuce aka kwance mini ɗaurin ƙafa. Likita ya ce ba zan ƙara hawa babur ba. Na duba dama, na duba hagu, ina neman wanda zan riƙe hannunsa. Kana ina?"

Kafintan ya tuna sarai inda yake ran Talata. Yana kasuwa, yana gardamar huɗu da biyar. Ya ajiye kayan a ƙasa, ya zauna a bakin gado, ya fashe da kuka.

Ma'anar wannan misali ita ce, kafintan nan mu ne, ni da ku. Katin da yake cikin jakarsa shi ne ɗan abin da Ubangiji ya riga ya sa a hannunmu: ƙafar zuwa gaisuwa, kunnen sauraro, bakin yin addu'a. Gurbi mai lamba biyar kuwa shi ne cikakken shirin da muke jira kafin mu yi alheri. Masu shaguna su ne muryoyin duniya, waɗanda ba sa rasa sabuwar lamba da za su ruɗa mu da ita.

Ban ce bincike laifi ne ba. Ku auna katakonku, amma ku fara duba abin da kuke riƙe da shi. Wani a cikinmu yana cewa, "Sai na san Littafi Mai Tsarki sosai zan yi wa maƙwabcina ta'aziyya." Wata tana cewa, "Sai na sami abin kirki zan je duba marar lafiya." Haba, 'yan'uwa! Ana cikin wannan jira ne ranar Talata take wucewa, ba ta kuwa dawowa.

Saboda haka in an tashi sujada yau, kowa ya tuna da Kefas ɗinsa. Kun san sunansa, kun san ƙofar gidansa. Ku tafi, ko da hannu wofi ne, domin hannun ne yake nema ya riƙe.