Tanimu Mai Sassaƙar Duma da Wasan Dodannin Kaka

A wani zamani mai tsawo da ya shige, tun ana gane iyakar ƙasa da kogi ko dutse, an yi wani sarki mai suna Ɗayyabu a Birnin Zarmuna, birni mai doguwar ganuwa da gonakin gero iya ganin ido. Sarki ne adali, mai buɗaɗɗen hannu, ba a taɓa jin ya kwana da haƙƙin talaka ba. Aibinsa ɗaya ne, ba ya ƙaunar a yi masa dariya. Allah ya ba shi 'ya guda, Gimbiya Zuwaira, wadda hankalinta ya fi kyanta, kyan kuwa ba kaɗan ba ne.

Abin da ya ɗaukaka sunan Zarmuna shi ne wasan dodanni, wanda ake yi kowace kaka idan an gama kai amfanin gona gida. Tun hantsi za a ga mata suna ƙwaƙule cikin kabewa, ana yanka mata idanu da haƙora gatso-gatso, a sa 'yar fitilar man gyaɗa a ciki, a jera a ƙofar kowane gida. Samari su shafa toka, su ɗaura karan dawa da tsummoki, su kifa fuskar duma a kai, su laɓe bayan dammunan gero suna razana masu wucewa. Tsofaffi su baza tabarma suna ba da tatsuniyoyi masu tayar da tsikar jiki, 'yan mata kuma su zuba goriba a kwatarniyar ruwa, ana gasar cafko ta da baki, hannu a baya. Da almuru ya kawo jiki sai a kunna fitilu, dodanni manya da ƙanana su bi gida-gida suna gurnani, a sallame su da nakiya da alkaki da gugguru. Ran nan ko liman aka kwaikwayi tafiyarsa, murmushi zai yi ya wuce.

Dokar wasan ɗaya ce tak: ba a ɗaga fuskar mai wasa. Duk wanda ya miƙo hannu a ba shi, kada a tambayi sunansa, kada a dubi ƙafarsa. Kowa ya san dalili, ko da yake ba a faɗa: aljanun kurmin da ke yamma da gari su ma suna shigowa wasan, kuma akwai masu kofato a cikinsu.

Wanda ya fi kowa iya sassaƙa fuskokin nan shi ne Tanimu. In ya riƙe duma da 'yar wuƙarsa, kafin ka gama gaisuwa ya fitar da fuskar da za ta ba ka tsoro ta kuma ba ka dariya a lokaci guda. Sai dai ciwon agana ya kama shi yana ƙarami, ya bar masa zanzana fal fuska, ya tafi da idonsa na hagu. Saboda haka kullum fuskarsa a naɗe take da rawani, ba ya zuwa biki, ba ya zaman dandali. Rana ɗaya ce a shekara yake shiga cikin mutane ya yi rawa har ya gaji ba wanda ya kawar da kai, ranar wasan dodanni. Yana son ranar nan kamar ransa.

Wata shekara Sarki Ɗayyabu na zaune a ƙofar fada yana rabon nakiya, sai ga wani gajeren dodo ya zo gabansa yana kwaikwayon takunsa, ya turo ciki gaba, yana gyara alkyabbar da babu ita. Jama'a suka fashe da dariya. Ran sarki ya ɓaci, ya ɗaga wa dogari yatsa, dogari ya fizge duman. Sai ga fuskar wata tsohuwar aljana, ido ɗaya a tsakiyar goshi, haƙora har haɓa. Mutane suka watse da ihu, wasu har da jifa. Tanimu na kusa, kuma ya ga abin da sauran ba su tsaya gani ba: tsohuwar ta sa tafukanta ta rufe fuska, ta fita daga gari tana kuka. Ita ce Uwar Kurmi, sarauniyar aljanun wurin.

Da gari ya waye mata suka shiga rumbu ɗibar gero, suka tarar da ƙaiƙayi zalla. Sarki ya hana wasan, shekara ta zagayo aka girbe aka zuba, hatsin ya sake komawa ƙaiƙayi. Aka ci dabbobi, aka koma ganyen tafasa da rama. Sarki ya aika jarumai kurmin, suka dawo ba takobi ba takalmi. Ya aika bokaye da akwatunan zinariya, aka wayi gari an ga akwatunan a ƙofar fada ko buɗe su ba a yi ba. Ga kaka ta uku ta ƙarato, gero ya nuna, kowa kuwa ya san in wannan ma ya lalace Zarmuna ta zama kufai.

Gimbiya Zuwaira ce ta shaida wa mahaifinta cewa an aika masu ƙarfi da masu asiri, saura wanda ya san zafin a kalle ka a gudu. Aka kira Tanimu. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, ban iya yaƙi ba, ban san tsafi ba. A ba ni jaki da mangalar kabewa da duma, in na dawo to, in ban dawo ba gari bai yi asarar kowa ba."

Ya isa bakin kurmin rana na shirin faɗuwa. Nan da nan itatuwa suka ɗauki kuwwa, wani ƙaton kai ba gangar jiki ya mirgino gabansa, idanu kamar garwashi, harshe na jan ƙasa. Gaskiya gaban Tanimu ya faɗi, jakin ma ya ƙi gaba ya ƙi baya. Amma idon mai sana'a ba ya barin abin kallo. Ya dubi yadda hancin ya karkace, ya ga bai taɓa sassaƙa mai kyau irinsa ba. Sai ya zauna, ya jawo kabewa, ya roƙi kan da ya daure ya tsaya haka kada ya motsa. Aljanin, wanda shekara dubu ba a taɓa roƙonsa ya tsaya ba, ya rasa abin yi, ya tsaya. Da aka nuna masa kamanninsa a jikin kabewa ya yi ta dariya har ƙasa na girgiza. Kafin wani lokaci aljanu sun yi layi, mai ƙaho na ture mai jela, kowa na cewa shi ne na gaba.

Su suka kai shi gindin wata kuka inda Uwar Kurmi ke zaune, lulluɓe da baƙin mayafi. Ta tambaye shi me sarkinsa ya aiko da shi wannan karon. Sai Tanimu ya warware rawaninsa, abin da bai taɓa yi a gaban kowa ba tun rasuwar mahaifiyarsa.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, ba nakiya ke kai ki wasan nan ba, ni ma ba ita ke kai ni ba. Rana ɗaya ce muke da ita, ni da ke, da za mu tsaya cikin taro a ba mu abu hannu da hannu. An ƙwace miki, ni ma an ƙwace mini. Amma yaran da ke kwana da yunwa ba su suka ɗaga miki duma ba."

Tsohuwar ta yaye mayafinta, suka dubi juna ba wanda ya kawar da kai. Ta ciro wani garwashi mai shuɗin haske ta sa a cikin kabewa ta ba shi. Ta ce a kunna fitilun gari da shi a yi wasa kamar da, za ta zo, kuma kwaikwayon sarkin da ta yi wancan karon shi za ta sake yi. In aka ɗaga wa wani fuskarsa da ƙarfi, wutar za ta mutu, hatsin Zarmuna kuma ya tafi har abada. Ta gargaɗe shi kada ya kuskura ya gaya wa sarki cewa za ta zo.

Tanimu ya koma gari da garwashin, ya roƙi sarki a maido da wasan, sarki ya yarda. Ranar da aka gama zuba sabon gero a rumbuna aka yi wasan. Da ɗan abin da ya rage aka tuƙa nakiya, shuɗin haske ya cika lunguna, yaran da suka manta dariya suka tuna ta. Tanimu na tsaye kusa da fada cikin fuskar duma. Can sai ga gajeren dodon nan, ya turo ciki, yana gyara alkyabbar da babu ita. Wuri ya yi tsit. Fuskar sarki ta murtuke, domin hali ba ya tashi don an sha wuya, yatsansa ya fara ɗagawa, dogari ya matso. Fitilun kabewa duka suka dushe.

Tanimu ya ratsa taron ya shiga tsakani. Ya ɗaga hannu ya cire dumansa da kansa, ya tsaya da fuskarsa a fili gaban dukan Zarmuna.

Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, in fuska ake son gani, ga tawa. A kalle ta har a ƙoshi, a bar wa baƙo tasa."

Wasu suka sunkuyar da kai. Sai wani dodo mai tsummoki ya fito ya tsaya kusa da shi, ya cire nasa duman, sai ga Gimbiya Zuwaira. Ta ce wa mahaifinta shekara bakwai tana saɓa dokar fada tana shiga wasan nan da fuskar da mutumin nan ya sassaƙa, kuma ba ta ga fuskar da ta fi tasa daraja a wurin ba.

Sarki ya dubi Tanimu, ya dubi ɗan dodon da ya ƙanƙame dumansa da hannu biyu yana makyarkyata, sai kunya ta rufe sarkin. Ya sauke yatsansa. Ya tashi daga karaga, ya turo cikinsa gaba fiye da yadda aka kwaikwaya, ya taka ƙasaita har gaban dodon, ya ce, "Baƙo, ba ka iya ba, haka ake yi." Dariya ta ɓarke, sarki na tayawa, fitilu suka kama ci bal-bal. Ya ɗebi alkaki da hannunsa ya zuba a wani tafi mai dogayen farata, bai dubi ƙasa ba.

Da safe mata suka shiga rumbu da fargaba, suka fito da ƙorai cike da gero, aka ji luguden daka ta kowace unguwa. Gimbiya da bakinta ta ce Tanimu take so, sarki ya ɗaura musu aure kafin kakar ta fita, ya kuma sa aka rubuta dokar wasan a ƙofar gari. Ran ɗaurin auren ango ya zauna cikin taro fuskarsa a buɗe. A cikin masu kawo gudummawa an ga wata gajeriyar tsohuwa mai baƙin mayafi ta ajiye kabewa guda ta zauna cikin mata, aka matsa mata wuri, aka miƙo mata ƙwaryar fura, ba wanda ya tambaye ta daga wane gida take.