Majo da Tukunyar Allura

An yi wani mutum, ma'aikacin lafiya ne a wani ƙauye arewa da Tawa, can wajen Barmu. Shi kaɗai ne a gidan likitan ƙauyen, kowa Majo yake ce masa, wato laƙabin babban ma'aikacin gidan likita. Ba jahili ba ne. Ya yi karatu, ya san aikinsa.

Cikin abin da aka koya masa, allura ba ta fita jikin wani ta shiga jikin wani sai an tafasa ta. Akwai tukunya domin haka, akwai resho, murhun kananzir. Shekara da shekaru yana kiyayewa.

Sai shekarun nan suka zo, waɗanda kuka sani. Albashi ya daina zuwa kan lokaci. Kuɗi suka karye, magani ya yi tsada. Yau yajin aiki, gobe taron siyasa. Kananzir ɗin resho ya ƙare, ya aika Tawa, shiru. Ya koma tafasawa da itace, hayaƙi yana cika masa ido, mutane sun yi layi a rana suna ƙorafi.

Wata rana ya gaji. Ya ɗauraye allurar da ruwan randa, ya soka wa na gaba. Ba abin da ya faru. Washegari ya sake.

Ya 'yan uwa, haka ɓarna take farawa. Ba da mugunta ba, da gajiya.

Layi ya daina tsawo, mutane suka yi ta yabonsa. Mutanenmu kuwa kun san su, ba su yarda an yi musu magani ba sai da allura. Har gida suke bin sa. Matarsa Hasiya ta koyi yi ta hanyar kallo, idan ba ya nan ita take yi. Ta taɓa tambayarsa, "Malam, ba a dafa ta?" Ya ce, "Ɗauraya ta isa. Allah ke kiyayewa."

Akwai wani manomi, Ɗangana, da ya zo da zazzaɓi ana tsakiyar noma. Inda aka soka masa ya kumbura, ya yi ruwa, ya ci naman cinyarsa. Ya tashi, amma ƙafar ta shanye, gonarsa ta koma ciyawa. Ya zo da sanda ya ce, "Majo, mi ya same ni?"

Majo ya sani. Ya dubi ƙafar, ya ce, "Ƙaddara ce, Ɗangana. Yi haƙuri."

Ɗangana ya yi godiya ya tafi.

Ina laifin da ya fi wannan? Ya ci amanar jikin mutum, sannan ya jingina wa Allah aikin hannunsa. Da a ranar ya hura wuta ƙarƙashin tukunya, da labarin ya tsaya nan. Bai hura ba.

Bayan kaka aka kira ma'aikata Tawa kan maganar albashi, ya tafi. Yana can 'yarsa Samira, wadda ba a daɗe da yaye ta ba, ta kwanta da zazzaɓi. Uwar ta ɗauko allurar da aka yi wa wani mai miki da safe, ta ɗauraye, ta yi mata.

Da ya dawo ya tarar wurin ya kumbura, jikin yarinyar kamar wuta. Ya gane tun daga bakin ƙofa. Motar da ta kawo shi ta riga ta juya, ba wata sai ranar kasuwa. Da suka isa babban asibitin Tawa, ciwon ya riga ya shiga jini. Likita ya tambaya, "Wa ya yi mata allurar nan?" Majo ya sunkuyar da kai. Hasiya ta ce, "Ni ce. Na ɗauraye ta yadda yake yi."

A Tawa aka binne ta.

Ana zaman makoki a ƙauye sai ga Ɗangana yana jan ƙafa. Da ƙyar ya durƙusa. Ya kama hannun Majo, da zuciya ɗaya, ya ce, "Ƙaddara ce, Majo. Yadda ka ba ni haƙuri, kai ma yi haƙuri."

Tun daga ranar Majo bai sake riƙe allura ba. Ya bar aikin. Hasiya ta koma gidansu. Ba wanda ya kai shi ƙara, ba wanda ya kore shi. Yana nan cikin Tawa, yana zama a inuwa, ba ya son a gaishe shi da sunan Majo.

Ya 'yan uwa, wannan magana an sha faɗinta har baki ya gaji. Mai aikin asibiti, mai yin allura a gida, ungozoma da rezarta, wanzami da askarsa, jikin da aka miƙa muku amana ne. Rashin albashi zalunci ne a kanku, amma ba marar lafiya ne ya hana ku ba. Ku kuma masu zuwa neman magani, ku tambaya ko an tafasa, ku yi haƙurin jira. Kada wanda ya kira sakacinsa ƙaddara.

Allah ya kiyaye mu daga gajiyar da ke kai mutum ga cin amana. Allah ya kiyaye 'ya'yanmu daga aikin hannunmu. Amin.