Saura Kashi Ɗaya

Akwai wani mutum da ake kira Wuf, don ba a taɓa ganin ya zauna ya jira abu ya kammala ba. Shayi ma da zafinsa yake kurɓa, ya ƙone baki, sannan ya harari kofin. Kwamfuta kam ya san ta ciki da waje, amma haƙuri ko na anini babu. Shi ke kula da na'urori a ɗakin ɗaukar sauti na yayansa, wani ɗan ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da soso.

A ɗakin nan gwaggonsu, wadda ta riƙe su tun suna ƙanana, ta rera waƙoƙinta na ƙarshe. Likita ya gaya mata za a yi mata aiki a maƙogwaro, kuma muryar ba za ta dawo ba. Shi ya sa ta yi ta zuwa kullum, tana waƙa tana tari, har ta juye duk abin da ke kanta. Waƙoƙin duka suna kan faifan kwamfuta guda ɗaya, faifan kuma ya cika maƙil.

Ranar da aka kwantar da ita, yayan ya leƙo kafin ya tafi asibiti.

"Wasu mawaƙa za su zo gobe, muna bukatar fili. Ka kwashe na Gwaggo zuwa ma'ajiya, sannan ka goge faifan. Ka ji na ce sannan."

"Haba Yaya, ni za a koya wa aiki?"

Aikin ba wuya gare shi ba. Wuf ya buɗe baƙin allon da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ya sa ta ɗauki hoton faifan, wato kwafin duk abin da ke ciki a daidai wannan lokacin. Hoton yana zama a kan faifan ne, har sai an gama jan sa zuwa ma'ajiya. Akwai wani umarnin da ake bugawa a ga inda aka kwana. Lamba ce take hawa, a gefenta an rubuta ana kan aiki, kuma sai ta cika ɗari rubutun zai koma an kammala.

Ya buga, ya ga ashirin. Ya zaga ya dawo, ya ga saba'in. Can ta kai casa'in da tara, ta tsaya cak. Ya buga, casa'in da tara. Ya sake bugawa da ƙarfi kamar madannin ne ya yi masa laifi, tana nan inda take. Ga abokai suna ta kira, an kusa take ƙwallo.

Ya ja tsaki. "Kashi ɗaya ɗin banza! Tarin Gwaggo ne ya rage."

Abin takaicin shi ne ya sani. Ya san a kashin ƙarshen nan ne na'ura ke haɗa guntayen ta rufe su, kuma hoton da ba a rufe ba ba ya buɗuwa ko kaɗan. Duk da haka wannan bawan Allah ya miƙa yatsa ya goge faifan, ya rufe allon ba tare da ya sake dubawa ba, ya zari makullin babur.

Da aka sallamo Gwaggo, ta ƙi a wuce da ita gida. Ta nuna da hannu a kawo ta ɗakin. Ta zauna a kujerarta, wuya naɗe da bandeji, ta ɗora abin sauraro a kunne tana murmushi.

Wuf ya buga umarnin dawo da waƙoƙin. Allon ya ce hoto bai kammala ba. Ya duba inda aikin ya tsaya, sai ga casa'in da tara, a gefenta an rubuta aiki ya lalace, an rasa tushe. Faifan kuwa tuni sababbin mawaƙa suka cika shi da nasu kiɗan.

"Me nake gani haka?" in ji yayan.

"Yaya, ai saura kashi ɗaya ne kawai..."

"Kafin ka goge, ka ga allon ya ce an kammala?"

Wuf ya mayar da ido kan allon.

"Da kai nake, mara kunya! Ka gani ko ba ka gani ba?" Ya daki tebur har kofi ya faɗo. "Matar nan jini take tofarwa tana waƙa, ni nake miƙa mata ruwa. Kai kuma zama kawai aka ce ka yi! Zama! Ina ka je?"

"Kallon ƙwallo."

Yayan ya ci kwalarsa, idonsa jajur, ya ɗaga hannu. Sai suka ji ana ƙwanƙwasa tebur. Gwaggo ce. Da yake kunnuwanta a rufe suke, ba ta ji komai ba, faɗan kawai ta gani. Ta yafito Wuf, ya durƙusa a gabanta. Ta kama kunnensa ta kawo bakinta, da ƙyar iska ta fito.

"Ku bar faɗan nan, ɗana. Sa min ta farkon."

Ya kasa tashi daga durƙuson.

Mai karatu, aikin da ya kusa ƙarewa bai ƙare ba. In an ba ka amanar abin da ba shi da madadi, ka zauna ka ga kammalarsa da idonka, ka buɗe kwafin ka tabbatar yana aiki, kafin ka taɓa na asali. Abin da za ka tashi dominsa zai jira ka, amma abin da ka goge da hannunka kuka ba ya dawo da shi.